Sari a Bakin Rami ko Awo a Wajen Mai Kwal

A watan Agustan 2022, rana na dukan gabashin ƙasar Polan, mutane na yawo da 'yar shara, sai ga layin motoci ya miƙe a kan hanyar shiga mahaƙar kwal ta Bogdanka, kusa da birnin Lublin. Manyan motoci da ƙanana, wasu da 'yar tirela ɗaure a baya. Akwai wanda ya kwana uku a cikin motarsa yana jiran a kai kansa. Sanyin da suke gudu kuwa saura wata uku ya iso. Abin da ya zaunar da su shi ne kwal, tan biyu ko uku, a farashin bakin rami, domin a wajen masu sayarwa na cikin gari kuɗinsa ya ninka har ya so ya sake ninkawa.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar ƙauye da kaka ya ɗaure buhunan gero na shekara, yana kallon maƙwabcinsa da ke auna tiya ɗaya kullum da yamma, ya san wannan lissafi tun kafin a faɗa masa. Tambayar ɗaya ce: ka je tushe ka saro da yawa, ko ka riƙa saye kaɗan-kaɗan a hannun wanda ya kawo maka kusa? Sai dai a can abin da ake tarawa wuta ce, ba tuwo ba. Kuma kada a haɗa kwal da gawayi. Gawayi itace ne da aka ƙona aka kashe. Kwal dutse ne baƙi da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, ya fi gawayi nauyi, ya fi shi wuyar kamawa, ya fi shi daɗewa yana ci. Muna da shi a Inugu, inda aka gano shi a 1909 har aka ja masa layin dogo zuwa Fatakwal, akwai shi kuma a Anu Araren ta jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona shi yana samar da lantarki. Amma mu ba mu saba jin ɗumi da shi ba. Mutumin Jos ko na Zariya, in hunturu ya matsa, kaskon gawayi ya ishe shi na 'yan makonni. Mutumin Polan wata shida zuwa bakwai yake yi wuta ba ta mutu a gidansa ba.

Ga yadda abin yake. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa akwai tukunyar ƙarfe mai murhu a cikinta. Kwal na ci, ruwa na zafi, ruwan na zagaya ɗakuna ta cikin bututu yana ɗumama su, ya dawo a sake dafa shi. Daga Oktoba zuwa Afrilu haka ake yi, kuma in wutar ta mutu a tsakiyar Janairu, ba mutanen gidan kaɗai ke shan wuya ba, ruwan cikin bututun ma yana iya daskarewa ya fasa shi. Gida matsakaici yakan ci tan uku zuwa biyar a hunturu guda, tsohon gini mai shan iska ya fi haka. A 2022 gidaje kusan miliyan 3.8 ne a ƙasar ke dogaro da kwal, kuma mafi yawan kwal ɗin da magidanta ke ƙonawa a duk faɗin Tarayyar Turai a Polan ake ƙona shi.

Kwal ɗin ma suna ya tara. Ana raba shi da rariya bisa girman ƙwayarsa, kowanne da sunansa a bakin 'yan ƙasar. Manyan dunƙule su ne kostka. Na bi musu orzech, kamar goro zuwa lemon tsami. Sai groszek, wato ɗan wake, da ƙaninsa ekogroszek wanda ƙwayarsa ba ta wuce milimita 5 zuwa 25 ba, shi ne abincin sababbin tukwane masu zuba wa kansu kwal. (Wannan "eko" da aka liƙa masa a gaba, don a ji kamar ba ya ɓata iska, ya daɗe yana ba masu kare muhalli haushi, kuma suna da gaskiya.) A ƙasan rariya sai miał, garin kwal, wanda tashoshin lantarki ke so amma galibin tukwanen gida ba sa iya ci. A riƙe wannan maganar ta gari da tsaki, don a nan rabin rigimar take.

Mu fara da mai sari. Hujjarsa ta farko ba ta buƙatar dogon bayani: duk hannun da kaya ya bi sai ya lasa. Daga mahaƙa zuwa babban ɗan sari, daga nan zuwa mai filin kwal na gari, kowa ya ɗora nasa, ga kuɗin buhu in a buhu ne, ga ladan masu ɗurawa. Wanda ya je bakin rami, ko ya yi oda kai tsaye daga kamfanin haƙar, ya tsallake waɗannan. Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi a wurina. Ya san abin da ya saya. Kowace mahaƙa da halin kwal ɗinta, wani mai tsananin zafi da ƙarancin toka, wani mai narkewa ya dunƙule kamar kashin maƙera ya toshe murhu. Tsofaffin Silesiya, yankin kudu inda yawancin mahaƙun suke, suna kiran kwal da sunan ramin da ya fito, kamar yadda mace ke bambanta shinkafar wannan fadama da ta waccan. A bakin rami ba a gauraya maka, sikelin kuma na babbar mota ne, a auna ta wayam a sake auna ta da kaya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Sannan akwai abin da ba ya shiga rasit, wato kwanciyar hankalin magidancin da ya leƙa ɗakin ƙasa a watan Yuli ya ga tuli har kusa da rufi. Ko farashi ya hau, ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ba ruwansa.

Har nan babu gardama. Gardamar tana farawa ne in an tambayi wa ke iya yin haka. Sari da kuɗi hannu ake yinsa, kuma gaba ɗaya. Tan huɗu a lokaci guda, a watan da ba a buƙatarsa, ana kuma shirin komawar yara makaranta a farkon Satumba. Ma'aikaci mai ɗan abin ajiya zai iya. Tsohuwar da mijinta ya rasu, tana zaune a ƙauye da ɗan fanshon da ke shigowa wata-wata, ba za ta iya ba, alhali irin gidanta ne ya fi cin kwal, don ya tsufa, tagoginsa na shigo da iska, tukunyarsa tun ta zamanin kwaminisanci. Haka abin yake a ko'ina: araha ta mai hali ce. Wanda ya fi buƙatar ragi shi ke saye da tsada, buhu biyu yau, buhu uku jibi, kamar yadda mai awon mudu ke biyan abin da ya fi na mai buhu in an haɗa lissafin shekara.

Sai maganar dako. Mahaƙa ba ta bin mutum gida. Ramukan Polan a kudu suke, Bogdanka ita kaɗai ce a gabas, mutumin arewa da ke kusa da tekun Baltik kuwa tsakaninsa da birnin Katowice na Silesiya tafiyar kilomita ɗari biyar ce ko fiye. In ya ɗauki hayar mota don tan huɗu, kuɗin dako ya cinye ragin har ya taɓa uwar kuɗi. Babbar tirela tana ɗaukar wajen tan 25, a nan ne dako ke yin sauƙi a kan kowane tan, amma wane gida ne zai ƙona tan 25? Shi ya sa maƙwabta kan yi watanda, gida biyar ko shida su haɗa kuɗi su sauke mota guda su raba. Wanda ya taɓa shiga watandar sa ranar jajibirin Sallah ya san daɗinta, ya kuma san inda take ɓaci. Wa zai riƙe kuɗi? A ƙofar wa za a juye? Wa zai kwashi saman tuli mai manyan ƙwayoyi, wa za a bar wa gindinsa mai gari? Nama dai ana kasa shi a ido, kowa ya ɗauki kashinsa. Kwal sai da sikeli, kuma ba kowane ƙauye ke da wanda zai auna tan ba. A ƙarshe mutum ɗaya ne zai ɗauki wahalar waya da direba, da karɓar kuɗi, da awo, da sauraron ƙorafi. Ya zama dillali ke nan, sai dai ba la'ada.

In kayan sun iso ma da sauran aiki. Tifa za ta juye a bakin titi ta yi gaba. Tan huɗu, in da a buhunan kilo 25 ne, buhu 160 ke nan, kuma ga shi a zube. Sai shebur da baro, ana turawa ta 'yar tagar ɗakin ƙasa, ƙura na shiga hanci da kunne, ana addu'ar kada hadari ya taso kafin a gama. Wurin ajiyar dole ya zama busasshe mai shan iska. Kwal ɗin da ya jiƙa ba ya ba da zafi yadda ya kamata, ƙanana kuma in suka sha ruwa sanyi ya kama su sai su daskare su manne, su tsayar da na'urar da ke tura su cikin murhu. Matashi mai ƙarfi zai ce motsa jiki ne. Dattijo mai ciwon baya sai ya biya wani, a sake cire wannan daga ribar.

To, mai kwal na unguwa fa? 'Yan ƙasar na kiran wurinsa skład, fili ne da aka kewaye, galibi kusa da tashar jirgin ƙasa ko a bakin gari, da tulin kwal kashi-kashi, da sikeli, da rariya, da 'yar motar kai kaya. Mutane sun saba kallonsa a matsayin wanda ke cin riba a zaune. Ni ban ga zaman ba. Shi ne ya zuba jarinsa tun lokacin zafi ya saro, ya ɗauki kasadar farashi. Shi ya biya dako mai nisa. Kwal yana farfashewa duk lokacin da aka loda shi aka sauke, don haka sai ya sake rairaye shi, garin da ya fita kuma asararsa ce, sai ya neme masa wata kasuwa da araha. Shi ke ajiye maka kayanka a filinsa har ranar da kake so, ya ba ka rabin tan in shi kake iyawa, ko buhu biyar a bayan mota. Motarsa ƙarama ce, tana shiga lungu ta juye daidai bakin taga. In ka lura, duk wahalar da muka lissafa wa mai sari, wannan mutumin ne ya ɗauke ta, ribarsa kuma kuɗin wannan ɗaukar ne.

Ba wai ina wanke shi ba ne. Sana'ar kwal tana da ƙofofin ha'inci da yawa, kuma hukumar binciken kasuwanci ta ƙasar ta sha kama masu bi ta cikinsu. Mafi sauƙi shi ne ruwa. A watsa wa tuli ruwa da sunan kwantar da ƙura, a auna maka. In danshin ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari, a kowane tan ka sayi ruwa kilo ɗari da kuɗin kwal, kuma sai ka ƙona wani kwal ɗin kafin ka busar da wannan ruwan a cikin murhu, asara biyu ke nan. Na biyu algus, a gauraya mai kyau da maras kyau, ko a bar duwatsu da gari a ciki. Ido ba ya ganewa, baƙi dai baƙi ne. Ana auna ƙarfin kwal da megajul a kowane kilo. Mai kyau yakan kai 27 ko 28, na banza ya tsaya a 22. Wanda aka ba na 22 a madadin na 28 sai ya ƙona ƙarin fiye da kashi ɗaya bisa huɗu kafin ɗakinsa ya yi ɗumin da ya saba, ga toka bokiti-bokiti da zai riƙa hawa da ita matakala. Don haka mai tambayar nawa ne tan bai gama tambaya ba, ko a bakin rami yake ko a unguwa. Na uku kuma tsohon ciwo ne da muka sani, tauye mudu.

Tun ƙarshen 2018 doka ta tilasta wa mai sayarwa ya ba mai saye takardar shaidar inganci, wadda ke nuna ƙarfin zafi, da yawan toka, da farar wuta, da danshi. Takarda ce mai amfani, amma ba kowa ke da ɗakin gwaji a gida ba. Abin da ya fi ta tsare mai saye shi ne kunya. Mai kwal na ƙaramin gari da kai yake zuwa coci, 'ya'yanku ajinsu ɗaya, in ya cuce ka bana ka san ƙofar gidansa, kuma kafin mako ya zagayo duk gari ya ji. Babban kamfani ba ya cuta a sikeli, amma in kaya suka zo ba yadda kake so ba, sai cike fom da jiran amsa, murhu kuwa ba ya jira. Akwai kuma abin da babu wani rami da zai yi maka: mai kwal da ya san ka shekara ashirin yana iya sauke maka rabin tan a ranar da sanyi ya kai intaha, ya ce in fansho ya shigo ka kawo.

A shekarun lafiya haka ma'aunin ke tsayawa, kowa da hujjarsa. Shekarar 2022 ce ta girgiza shi har aka ga abin da ke ƙasa. Bayan Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu, Polan ba ta jira sauran Turai ba, ta haramta shigo da kwal ɗin Rasha tun a Afrilu, alhali takunkumin Tarayyar Turai sai a Agusta ya fara aiki. Mai karatu zai ce ƙasar da a lokacin ke haƙo tan miliyan hamsin da wani abu a shekara me zai dame ta? Amsar tana cikin rariyar nan. Injinan haƙa na zamani niƙe kwal suke yi, don haka mafi yawan abin da ke fitowa daga ramukan Polan gari ne na tashoshin lantarki, mai ƙwaya kaɗan ne. Giɓin kuwa a da Rasha ke cikewa, da wajen tan miliyan takwas a shekara, mai ƙwaya, mai araha, yana shigowa ta jirgin ƙasa kai tsaye zuwa filayen masu kwal, musamman a gabas da arewa. Dare ɗaya aka toshe wannan hanya. Tan ɗin da bai kai zloti (kuɗin Polan) dubu ɗaya ba a shekarun baya ya haura dubu uku a filaye da yawa kafin kaka.

Nan kowa ya zama mai son sari. Kamfanin gwamnati na PGG, wanda ya fi kowa haƙar irin wannan kwal a Tarayyar Turai, yana da shago a intanet inda a lokacin farashi bai kai rabin na kasuwa ba. A wancan lokaci ana buɗe ciniki ne ranakun Talata da Alhamis da yamma, dubban mutane su afka lokaci guda, shafin ya cije, in ya farfaɗo kaya sun ƙare. Wasu masu wayo suka saki manhajojin da ke saye da kansu cikin ƙiftawar ido, su kwashe su sayar da tsada, irin 'yan bumburutun da muka sani a lokacin wahalar mai. Sai da aka ƙayyade yawan tan da gida ɗaya zai saya. 'Yan damfara kuma suka buɗe shafukan bogi masu kama da na kamfanin, suka karɓe kuɗin mutane, ba kwal ba labarinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka duba wanda ya ci ribar wannan araha: mai intanet mai sauri, mai jikan da ya iya kwamfuta, mai motar da zai kwana a cikinta a Bogdanka, mai aikin da zai iya bari na kwana uku. Layi ma kuɗi ne, da kwanaki ake biyansa, kuma tsohuwar nan tamu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Gwamnati ta umarci kamfanoninta biyu, PGE Paliwa da Węglokoks, su shigo da tan miliyan huɗu da rabi daga ƙetare. Jiragen ruwa suka taso daga Kolombiya, da Afirka ta Kudu, da Indonesiya, da Ostareliya, suka cika tashoshin Gdansk da Gdynia. Sai ga wata matsala. Kwal ɗin jirgin ruwa a haɗe yake zuwa, gari da tsaki da dunƙule, kuma garin ya fi yawa. Kafin ya shiga tukunyar gida sai an rairaye shi, sai an samo taragun da za su kwashe shi, sai an sami filin da za a juye shi kusa da jama'a, da sikeli, da mai awo. Wato duk aikin nan da ake cewa mai kwal ba ya yi.

Matakan da aka bi ma abin kallo ne. Da fari, a tsakiyar shekara, aka yi dokar da ta ce mai sayarwa ya ba magidanci tan a kan zloti 996.60, gwamnati ta cika masa wani abu daga baya. Masu kwal suka yi lissafi suka ga faɗuwa ce, kusan duk suka ƙi shiga. A Agusta aka koma ba kowane gida mai ƙona kwal tallafin zloti 3,000 a hannu. Aka dakatar da ƙa'idojin ingancin kwal, har shugaban jam'iyya mai mulki na lokacin, Jarosław Kaczyński, ya gaya wa taron jama'a a Satumba cewa a ƙona duk abin da aka samu ban da tayoyi da makamantansu. A ƙarshen Oktoba aka fito da dabarar da ta fi aiki: ƙananan hukumomi su saro kwal a kan abin da bai wuce zloti 1,500 ba, su sayar wa mazaunansu a kan abin da bai wuce 2,000 ba, tan ɗaya da rabi kafin ƙarshen shekara, wani ɗaya da rabin bayan sabuwar shekara. Zloti ɗari biyar ɗin da ke tsakani na mene ne? Na dako, da fili, da awo. Shugabannin ƙananan hukumomi da ba su taɓa riƙe shebur ba suka wayi gari suna cinikin kwal, da yawansu kuma, da suka rasa fili da sikeli, sai suka ƙulla yarjejeniya da masu kwal ɗin garin su yi musu rabon. Shi kansa PGG a shekarar ya kafa jerin amintattun dillalai a sassan ƙasar don mai oda ya karɓi kayansa kusa da gida. An zagaya an zagaya, an dawo filin da aka guda.

In aka tambaye ni wanne ya fi, ba zan ɓoye ba. Magidancin da ke da kuɗin a hannu, da busasshen ɗaki, da ƙarfin shebur, kuma ramin bai yi masa nisa ba, ya saro a watan Yuni ko Yuli, ya karɓi takardar inganci ya adana. Zai sami kwal mai suna a farashi mai sauƙi, kuma ban ga abin da mai kwal zai ba shi da ya fi wannan ba. Amma sharuɗɗan nan huɗu ne, in ɗaya ya faɗi lissafin ya karkace. Wanda ya ci bashi mai ruwa don ya yi sari, ko ya biya dakon kilomita ɗari huɗu, ko ya tula kwal a tsakar gida ruwa na dukansa, ya yi wa kansa dillanci ne kuma ya yi shi da tsada. Irin wannan gara ya nemi mai kwal ɗaya mai tsoron Allah ya riƙe shi, ya fara gwada buhu biyu a murhunsa kafin ya ce a kawo tan. Wannan gwajin ma wata dama ce da mai sari ba shi da ita, don shi in ya yi kuskure, kuskuren tan huɗu ne, da shi zai kwana har Afrilu.

Sannan tara kaya caca ce mai fuska biyu, mutane kuwa fuska ɗaya suke tunawa. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya zo da sauƙi. Kwal ɗin ƙetare ya cika ƙasa, farashi ya yi ta gangarowa. Wanda tsoro ya sa ya cika ɗakinsa a Satumba a kan dubu uku da ɗoriya ya zauna yana ƙona kwal mafi tsada a tarihin gidansa, maƙwabcinsa mai sayen kaɗan-kaɗan yana samun ragi wata bayan wata. Akwai kuma wata kasadar da ta fi ta farashi. Birnin Krakow ya hana ƙona kwal da itace a gidaje tun 1 ga Satumba 2019, saboda hayaƙin da ke rufe shi duk hunturu. Warsaw ta hana kwal daga Oktoban 2023. Larduna da dama sun sa wa'adin fitar da tsofaffin tukwane, waɗanda ake yi wa laƙabi da kopciuch, wato mai turnuƙa hayaƙi, kuma tun 2018 akwai shirin gwamnati mai biyan wani kaso na kuɗin canza su. A 2021 gwamnati da ƙungiyoyin mahaƙa suka sa hannu cewa za a rufe ramukan ƙarshe nan da 2049. Mai tunanin tara kwal na shekara biyu ko uku sai ya fara duba ko tukunyarsa za ta kai lokacin.

Su ma ƙananan hukumomin da suka yi sari mafi girma a ƙasar ba su tsira ba. Da Afrilun 2023 ya ƙare, da yawansu na da sauran tuli a fili, masu saye sun ja baya, don a wasu wuraren farashin mai kwal na unguwa ya sauko kusa da nasu. Sai da aka gyara doka aka cire ƙayyade tan ɗin, aka ba su har ƙarshen Yuli su sayar wa duk mai so, ko daga wata ƙaramar hukumar ya fito. Ma'aikatan da watanni kaɗan baya ke tantance takardun masu layi, su ne suka koma liƙa sanarwa a allon ofis suna neman wanda zai zo ya kwashe.